Tambayarku da Amsarmu: Motar yanke ciyawa zan saya ko ƙaramar tarakta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah shawara nake nema. Ni tsohon ma'aikaci ne na yi ritaya bara, ina zaune a Hotoro amma ina da gona a kan hanyar Wudil wajen hekta huɗu na zagaye ta da waya. Kamar hekta ɗaya da rabi na dasa mangwaro da gwaiba da lemon tsami, ragowar kuma masara da wake da gyaɗa nake sawa da damina, akwai rijiyar burtsatse guda ɗaya da tumaki goma sha biyu. Abin da ya dame ni shi ne ciyawa, daga watan bakwai zuwa na tara ba ka iya ratsa cikin itatuwan nan sai ka yi da gaske, bara har maciji muka kashe sau biyu, ga 'yan ƙwadago sun yi tsada kuma ba ka samunsu lokacin da kake so. Ɗana da ke aiki a Amurka ya turo min bidiyon wata 'yar mota da ake hawa tana yanke ciyawa yace zai saya ya sako min a kwantena, wani aminina kuma yace kar in yarda, gara yaron ya turo kuɗin in haɗa da na giratuti in sayi ƙaramar tarakta. Wallahi na rasa wanda zan bi. Daga wani mai karatunku a Hotoro.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka a gonar, ya kuma yi wa yaron nan albarka da ya tuna da wahalar mahaifinsa. Zan fara da faɗa maka ra'ayina kai tsaye sannan in kawo dalili: kar a sako motar ciyawar nan. Amininka ya fi kusa da gaskiya, sai dai shi ma akwai gyara a maganarsa, za mu zo wajen.

Ita wannan 'yar motar da ka gani a bidiyo an ƙera ta ne don abu ɗaya tak, wato aske ciyawar ƙawa irin ta harabar gida wadda aka baje ƙasarta tun farko aka tsince duwatsu aka shuka ciyawa iri ɗaya ana ba ta ruwa ana aske ta duk sati. Injinta na fetur ne, galibi ƙarfin doki 15 zuwa 25, a ƙarƙashin cikinta akwai wani faranti mai faɗin inci 42 zuwa 54 da wuƙaƙe biyu ko uku a ciki, kuma bel ne yake juya wuƙaƙen. Ko ka ɗaga farantin har ƙarshe bai fi inci huɗu daga ƙasa ba. To yanzu Alhaji ka rufe ido ka tuna cikin lambunka a tsakiyar watan takwas, kyasuwa ta kai ƙugu, gamba ta fi ka tsawo a bakin waya, ga tsofaffin kunyoyi da ba su gama bajewa ba, ga suri, ga kututturen da ciyawa ta rufe ba ka ganinsa sai ka yi tuntuɓe da shi, ga ramin da aka haƙa wa kowace bishiya don riƙe ruwa. Motar nan in ta hau kunya ɗaya cikinta zai dafe a kai ƙafafun su yi ta juyawa a banza, in wuƙa ta daki kututture kuma ko ta lanƙwashe ko sandar da ke riƙe da ita ta karye ko bel ya tsinke. Ban ma yi maganar tsidau da ƙayar bagaruwa ba, tayoyinta ƙanana ne masu laushi, kai da mai faci za ku zama kamar 'yan gida ɗaya.

Na taɓa ganin irinta da idona a wani lambu can wajen Tamburawa. Mai wurin mutumin kirki, shi ma daga waje aka kawo masa, sabuwa fil kore shar. Damina ɗaya ta yi bel ɗin wuƙa ya tsinke, aka zaga Ƙofar Ruwa aka zaga Sabon Gari ba a samu daidai da shi ba, wani bakanike ya sa mata na wani injin ya yi kwana biyu ya sake tsinkewa. Ranar da na je tana ƙarƙashin bishiyar mangwaro an rufa mata buhu, tayoyin gaba duk sun sace sun nutse cikin ƙasa, kaza ta yi ƙwai a kan kujerar, yaran da aka saye ta don a huta da biyansu kuma suna can gefe da lauje suna yanka. Abin ya ba ni tausayi sosai don kuɗi ne masu yawa aka zuba da kyakkyawar niyya.

Akwai kuma wata magana da ɗanka ba zai tuna ba saboda inda yake zaune. A can ciyawar da aka yanke shara ce, shi ya sa aka yi motar ta dinga daddatsa ta ƙanana-ƙanana tana watsarwa. Mu nan Kano ciyawa kuɗi ce. Kana da tumaki sha biyu, kuma ka fi ni sanin yadda buhun harawa da ganyen gyaɗa ke tashi daga watan uku zuwa faɗuwar ruwa, balle in Babbar Sallah ta matso. Kyasuwar da ke damunka a watan takwas in aka yanke ta da tsawonta kafin ta yi kauri aka shanya a inuwa aka ɗaure aka ɗora a rumfa, ita ce za ta riƙe maka dabbobin nan da bazara. Gambar bakin waya kuma masu saƙar zana za su zo har gona su saya. Kaga kenan za ka ƙona fetur ne ka niƙe abincin tumakinka sannan ka dawo kasuwa ka sayi wani, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba mai ƙona fetur da wasa.

Tarakta kuwa ko ƙarama ce wata halitta ce daban. Injinta na gas ne, wato dizal, masu ƙarfin doki 20 zuwa 50 su ake kira ƙanana, nauyinta wajen tan ɗaya ko fiye alhali motar ciyawa ba ta wuce kilo 200 zuwa 300 ba, kuma nauyin nan shi ne yake sa taya ta kama ƙasa ta ja garma. Kar lambar doki ta ruɗe ka, za ka iya ganin motar ciyawa an rubuta 24 tarakta ma an rubuta 24 ka ɗauka ƙarfinsu ɗaya, sam ba haka ba ne, ɗaya gudun juya wuƙa aka yi ta dominsa ɗayar kuma jan kaya mai nauyi a hankali yini guda. Abin da ya sa tarakta ta zama tarakta abu biyu ne da ke bayanta. Na farko hannuwan nan uku da haidirolik ke ɗagawa da saukewa, inda ake maƙala haro ko rija ko garma, wani mutumin Arewacin Ayalan mai suna Harry Ferguson ne ya ƙirƙiro tsarin, sunansa ne ma a jikin Massey Ferguson ɗin da ta cika gonakinmu. Na biyu sandar nan mai juyawa da makanikai ke kira fitiyo, tana juyi 540 a minti, ita ke ba wa silasha da rotabeta mai kafce ƙasa da injin casa ƙarfi. Silasha ita ce maganin ciyawar lambunka in ta fi ƙarfin yanka, faranti ne mai kauri da wuƙaƙe masu lilo waɗanda in sun daki dutse sai su kauce baya maimakon su karye, tana cin doguwar ciyawa har da ƙananan saɓara. Da tarakta ɗaya za ka yi haro, ka yi kunya, ka ɗauko takin gida da tirela, ka ja tankin ruwa zuwa itatuwan da bututu bai kai ba da rani, ka kwaso masara da kaka.

To ga inda na saɓa da amininka. Hekta huɗu ba ta isa ta ciyar da tarakta ba Alhaji. Ka ɗauki biro ka lissafa, haro da kunyar hekta biyu da rabi aikin kwana biyu ne ko uku ko da ƙaramar ce, silasha a lambu sau uku ko huɗu a damina, ɗan jigilar taki da amfanin gona, in ka tara duka da ƙyar za ka haɗa sati uku na aiki a shekara, ragowar watannin tana tsaye batir na mutuwa taya na tsagewa a rana ɓera na cin wayoyi, ga kuɗin giratutinka a kwance cikin ƙarfe. Kuma fa ita kaɗai ba ta aikin komai, kowane abin da na lissafa a sama sayensa ake daban, mutane da yawa sukan ƙarar da kuɗinsu kan taraktar su dawo ba su da na haro. Wani abin kuma, haro da rijar da suka fi yawa a garin nan na manyan taraktoci ne irin su Massey 375 mai doki 75, ƙaramar mai doki 25 ba za ta iya ɗaga su ba balle ta ja, dole ka nemo nata daidai ita, silasha mai faɗin ƙafa huɗu, ƙaramin haro, kuma ka auna tsakanin tayoyinta ka gani ko zai dace da kunyarmu ta santimita 75. A jigawa irin ta wajen Wudil za ta yi maka aiki lafiya lau, amma a laka mai nauyi ta fadama sai ka ga tana nishi.

Saboda haka sayen tarakta zai yi maka ma'ana ne kawai idan ka shirya mai da ita sana'a, wato ta yi naka ta fita haya gonakin maƙwabta. Kasuwar akwai ta, duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gona bayan ruwan shuka ya sauka ya san yadda ake rububin tarakta, mutum ya ba da kafin alƙalami ya yi kwana biyar yana jira danshi na tafiya. Amma sana'a ce mai son tsayuwa, sai da direba mai amana wanda ba zai sayar maka da gas ba ko ya yi gona uku ya kawo kuɗin biyu, sai kana bin lissafin awa da kanka. In kana jin ƙarfin wannan a shekarunka kuma kana da ɗa ko ƙane da zai tsaya, bismillah. In kuwa hutu kake nema bayan shekarun aiki, shawarata ita ce ka ci gaba da ɗaukar hayar babbar tarakta don haro da kunya, ka yi magana da mai ita tun watan huɗu kafin layi ya yi tsawo, sannan kuɗin da yaron zai kashe a mota da kwantena da kwastan ya turo maka su ka sayi injin yanke ciyawa na ratayawa a kafaɗa guda biyu masu kyau, waɗanda ake sa musu wuƙar ƙarfe. Su suna kwantar da ciyawa da tsawonta a kwashe a shanya, suna shiga har gindin bishiya, ba ruwansu da kunya ko rami, kuma kayan gyaransu na nan cikin gari. In da ragowar kuɗi ka ƙara da injin huɗa na hannu mai doki 12 zuwa 15 da 'yar tirelarsa, zai kafce maka tsakanin itatuwa ya ɗauko taki. Maciji kuma ka sa a dinga share zagayen ɗakin mai gadi da garken tumaki ƙal, a kwashe tarin itace da kara daga kusa, mai yanka ya sa takalmin roba dogo.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina da makaranta mai zaman kanta a cikin gari, muna da filin wasa na yara da ɗan wurin taro duka za su kai eka ɗaya da rabi, mun shuka kiri-kiri muna ba ta ruwa har da rani. Injin turawa muke amfani da shi amma mai aikin yana kwana biyu bai gama ba. Ya dace in sayi na hawa? Daga wata Hajiya a Nassarawa.

AMSA: Hajiya barka kadai. Ke kam naki wurin shi ne ainihin abin da aka yi motar dominsa, fili a baje, ciyawa iri ɗaya, ana aski akai-akai. Mai faranti inci 42 za ta gama miki eka ɗaya da rabi cikin kamar awa biyu, tarakta kuwa ɓarnar kuɗi ce a wajenki kuma tayoyinta za su yi miki rami a fili. Da filin bai kai rabin eka ba da sai ince ki zauna da na turawar.

Sai dai ki yi min alƙawarin abu kaɗan. Ranar da za ki biya kuɗin motar ki sayi bel biyu na ajiya da wuƙaƙe saiti ɗaya da filtar iska da ta mai, in mai sayarwa yace babu sai an yi oda to ki nemi wani samfurin da ake da kayansa a ƙasa, kuma ki tambayi sunan kamfanin da ya yi injin don galibi daban yake da sunan da ke jikin motar, irin su Briggs & Stratton ko Kohler ko Kawasaki, da wannan sunan ake neman kayan inji. Ƙurar hunturu ita ce babbar mai kashe waɗannan injina a Kano, daga watan sha ɗaya zuwa na biyu a dinga buɗe filtar iska ana kaɗe ta duk ranar aiki, baƙin mai kuma a canza shi duk bayan awa 50. Kar a yanka ciyawa tana jiƙe, kar a aske fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a lokaci guda don ranar Kano za ta ƙone ta, a kuma kankare busasshiyar ciyawar da ke taruwa a saman faranti kusa da salansa don tana kama wuta.

Abin da ya fi damuna tunda makaranta ce shi ne yara. Wuƙar nan tana harba tsakuwa da murfin kwalba da ƙarfin da zai fasa ido, kuma mai tuƙi ba ya ganin ƙaramin yaro in yana ja da baya. A yi aikin ranar da ba karatu ko bayan an tashi an rufe ƙofa, a bi filin a tsince komai tukun, mukulli kuma ya kwana a ofishinki, kar a taɓa ɗora yaro a kai ko da na ɗaukar hoto ne.

TAMBAYA: Malam mu biyar ne abokai muna noman shinkafa da tumatir a Kura, mun yi adashi mun tara kuɗi, an nuna mana wata ƙaramar tarakta tokumbo a waya ance daga Amurka take. Me za mu duba kafin mu biya?

AMSA: Samari Allah ya ƙara haɗa kanku, kun yi dabara don ku biyar aikinku zai ishe ta, ga shi a yankin Kadawa ruwan Tiga ya sa ana aiki rani da damina ba ta zama. Amma kar ku biya ko sisi a kan hoton waya. Ku je da sassafe da bakanikenku na tarakta, ba na mota ba, ku ɗora hannu a kan injin ku tabbatar da sanyinsa kafin a tayar, don inji mai ciwo in an riga an ɗumama shi yana ɓoye halinsa. Ku kalli hayaƙi, ɗan baƙi lokacin tashi ba komai, shuɗi yana nufin tana shan baƙin mai, fari da ya ƙi ɗaukewa kuma ko nozul ne ko ruwa na shiga inda bai kamata ba. Ku buɗe lagireto ku ga ko akwai maiƙo a ruwan. A maƙala mata haro a ɗaga sama a kashe injin ku tsaya ku gani, in ya fara sauka da sauri haidirolik ɗin ya gaji. A sa fitiyo a cire ku ji ko yana shiga ba gurnani. Agogon awa ana iya taɓa shi, don haka ku haɗa da kallon yadda fedar kuloci da birki suka cinye.

Tunda kun ce daga Amurka take ku bincika shekararta sosai. Da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa kasuwar can daga wajen 2013 zuwa yau masu ƙarfi sama da doki 25 suna da wata matatar hayaƙi a salansa da kwamfuta mai lura da ita, tana son gas mai tsabta ƙwarai, in ta toshe sai injin ya rage ƙarfi da kansa kuma ba kowane gareji ke da na'urar duba ta ba. Tsohuwar da ba kwamfuta, ko sabuwa irin ta Indiya kamar Mahindra da Sonalika da ake da dillalansu a ƙasar nan, ta fi muku kwanciyar hankali. Don shinkafa ku nemi wadda duk ƙafafunta huɗu ke ja, in ba haka ba za ku sha tono a laka, kuma ku auna faɗinta da girman fangalinku da hanyoyin bakin kwata, in fangalin ƙanana ne injin huɗa na hannu guda biyu zai fi muku tarakta ɗaya.

In Allah ya sa kun saya, ƙarfen nan mai kama da ƙofa da ke bayan kujera kar ku bari a yanke shi wai yana taɓa reshe, shi ke hana ta danne direba in ta kife a gefen kwata, kuma da bel ɗin kujera yake aiki. Kar kowa ya matsa kusa da fitiyo yana juyawa da babbar riga ko rawani ko jallabiya, kafin a kai hannu ga mukulli ya riga ya naɗe mutum. Sannan tun kafin ta iso ku zauna gaban wani dattijo ku rubuta a takarda wa zai riƙe mukulli, gonar wa za a fara da ita in ruwa ya zo, da kuma nawa za a dinga warewa daga kowace haya don gas da baƙin mai da taya, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafinsa.